Kundin Aikin Land Cruiser 105: Daga Neman Mota Zuwa Shirin Hawan Mambila

6 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin neman motar doguwar tafiya yake gudana, tun daga zaɓen irin motar har ranar da za a ɗora mata kaya, saboda idan gyare-gyare suka yi yawa mutum yakan manta abin da aka canza da abin da aka ce za a canza. Tafiyar da nake shiryawa ita ce daga Kano zuwa Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ta Bauchi da Gombe da Numan da Jalingo da Bali da Serti. Mu huɗu ne za mu tafi, da kayan kwana da ruwa da abinci, kuma niyyar ita ce motar ta ci gaba da yin irin wannan aiki shekara da shekaru.

Sharaɗin farko da na gindaya shi ne motar ta kasance wadda bakaniken ƙauye zai buɗe bonit ɗinta ya gane abin da yake kallo. Wannan kaɗai ya fitar da manyan jif na zamani daga lissafi, domin duk ƙarfinsu da daɗin zamansu, idan wata ƙaramar na'ura ta ƙi aiki a tsakanin Bali da Serti sai an ɗauko mai kwamfutar bincike daga birni. Sharaɗin ya kuma karkatar da ni ga injin Toyota mai suna 1HZ, wanda aka fara ƙerawa a 1990. Injin gas ne, wato dizal, mai silinda shida a jere, lita 4.2, ba shi da turbo, famfon mansa kuma babu ruwansa da kwamfuta. Ƙarfinsa kimanin na doki 130 ne, wanda kaɗan ne ga mota mai nauyin fiye da tan biyu, amma shi ne ke cikin motocin Coaster da dama da kuma Land Cruiser ƙirar 70 da ƙungiyoyin agaji ke shiga lungu da su, don haka da wuya a shiga babban gari a Arewa a rasa wanda ya taɓa kwance shi.

Motocin iyali biyu ne ke ɗauke da wannan inji: ƙirar 80, wadda aka yi daga 1990 zuwa 1997, da ƙirar 105, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2007. Mutane da yawa ba sa bambance 105 da 100 saboda bodinsu kusan ɗaya ne, alhali a ƙasa sun sha bamban. Ita 100 kowace tayar gabanta da nata hannun, ita kuwa 105 ta gaji tsarin ƙirar 80, wato aksul guda miƙaƙƙe gaba da baya a kan sifirin mai naɗi, wanda ya fi jure duka a hanyar burji. Akwai masu injin fetur lita 4.5, kuma sun fi araha a kasuwa, sai dai tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, shan man da suke yi ya daina zama abin wasa. Gas ya fi fetur tsada a lita, amma injinsa ya fi tattali, kuma duk hanyar da manyan motoci ke bi ana samunsa.

Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kwastam kuma sun ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita ta ruwa, saboda haka wadda zan saya dole ta hannu ce da ta riga ta yi aiki a nan, mai kilomita dubu ɗaruruwa a kanta. Na raba kuɗin gida uku: biyu na saye, ɗaya na gyara, kuma kuɗin gyaran ba zai shiga ciniki ba komai kyan motar da aka nuna mini.

19 ga Oktoba, 2024

Makonnin nan sun tafi ne a yawon duba motoci tare da bakanikena, dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran Coaster, kowa a garejin Baba yake ce masa. Har yanzu ba mu ga wadda za a taya ba, amma ƙin da muka yi wa wasu ya cancanci a rubuta.

Wata fara ƙal da aka kai mu gani mitarta na nuna kilomita 168,000, abin da ba ya shiga hankali ga mota mai shekara ashirin da ɗoriya. Dillalin ya ce, "Alhaji, ai wata Hajiya ce mai ita, daga gida sai asibiti." Baba bai tanka masa ba, sai ya sunkuya ya nuna mini robar da ke kan takun birki, wadda ta cinye har ƙarfe ya fito a gefe, ya shafa sitiyarin da ya yi sulɓi kamar turmin da ya tsufa, sannan ya danna kujerar direba ta nutse. A jikin ginshiƙin ƙofa kuma akwai ragowar wata 'yar takardar juye da aka manta ba a ɓare ba, ana iya karanta lambar da ke nuna kilomita dubu ɗari uku da ɗoriya. Mayar da mita baya aikin 'yan mintuna ne ga masu yinsa, ko ta allura ce ko ta lantarki. Yawan kilomitar bai dame ni ba, domin wannan inji yana wuce 500,000 idan ya samu kulawa. Abin da ya hana ni ita shi ne wanda ya ɓoye wannan ba zai faɗi sau nawa injin ya yi zafi ba.

Wata kuma sitiyarinta aka juya daga dama zuwa hagu. Ana gane wannan daga ƙaramin faranti da ke manne a cikin ɗakin inji, inda aka buga lambar ƙirar motar: wadda aka ƙera da sitiyari a hagu harafin L ke bin lambar, kamar HZJ105L, ta dama kuwa R. Wannan R ce ke jikinta, ga kuma tabon walda a kan shasi inda aka dasa akwatin sitiyarin. Motar da za ta gangaro daga Mambila da mutum huɗu ba a jingina ransu ga waldar da ba a san wanda ya yi ta ba. Ta ƙarshe da muka gani mun tarar an riga an ɗumama injinta kafin mu iso, muka nemi a bar mu mu dawo da sassafe, mai ita ya ce yana da uzuri.

2 ga Nuwamba, 2024

An yi mana hanyar wata a Kaduna, HZJ105L ta shekarar 2003, mai giyar hannu, mai ƙofar baya biyu da ke buɗewa gefe da gefe, kujerun leda, ba ta da wani ado. Wata ƙungiyar agaji ce ta fara amfani da ita, ta sayar a gwanjo, wani Alhaji manomi ya saya yana zuwa gona da ita. Mitarta na nuna kilomita 412,600, kuma babu wanda ya yi ƙoƙarin ba da haƙuri a kan hakan.

Mun kwana a Kaduna domin mu same ta da sanyin safiya. Kafin a taɓa makulli Baba ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin ya tabbatar a sanyaye yake, sannan ya buɗe murfin lagireto. Ruwan ciki ja ne na tsatsa, alamar ruwan rijiya ake zuba mata, amma babu maiƙo a samansa. Da aka kunna, ta tashi a bugu ɗaya, ta fesa hayaƙi mai duhu sau ɗaya ya washe, ta ɗan yi rawa na 'yan daƙiƙu sannan ta daidaita. Baba ya tsaya yana kallon bakin lagireton ko zai ga kumfa na tasowa, wanda shi ne alamar gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage, bai ga komai ba. Daga nan ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ya kifa shi a kan ramin ba tare da ya ɗaure ba. Injin da ringinsa suka mutu iska yake hurowa ta nan har murfin ya yi tsalle ya faɗi. Wannan murfin ya ɗan karkaɗa kawai ya zauna. Baba ya ɗago ya ce, "Malam, inji na nan da ransa, amma ƙafarta ta gaba ta sha wuya."

A ƙarƙashi ya bi shasin da ƙaramar guduma daga gaba har baya, ba tsatsa mai ci, ba walda, ba lanƙwasa, kuma lambar da aka buga a ƙarfen dama kusa da tayar gaba ta yi daidai da ta farantin da ta takardu. Gwiwoyin aksul na gaba duka biyu suna zubar da wani baƙin kwaɓi. Maganaɗisun da na bi bodin da shi ya ƙi kamawa a ƙofar baya ta hagu, inda aka cike wani rauni da foti.

Abin da ya fi komai ƙima a wurina shi ne littafin da Alhajin ya fito da shi daga aljihun motar, littafin tafiye-tafiye na ƙungiyar, da rubutun direbobi daban-daban, kowace fita da kilomitarta, kowane juye a tazarar kilomita 5,000, har zuwa 338,000. Daga nan rubutu ya tsaya. Ke nan akwai kusan kilomita 75,000 da babu shaidar abin da aka yi mata, kuma a kan wannan giɓi zan gina lissafin gyara: duk abin da ba a rubuta an canza ba, za a ɗauka ba a canza ba.

A kan titi tana da nauyin tashi, kamar yadda aka san wannan inji. Sitiyarin yana kaɗawa idan ta kai kilomita 80 a sa'a, giya ta biyar tana ɗan kuka, kulocin kuma sai ƙafa ta kusa ɗagewa gaba ɗaya yake kamawa. Mun sauka kan wata hanyar ƙasa muka kulle tayoyin gaba da hannu, muka sa ƙaramar giyar ogzilari, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu, ta shiga ta fita ba gardama.

9 ga Nuwamba, 2024

Alhajin ya yarda a kai motar gareji a auna matsin silindojinta, wanda shi kansa alama ce mai kyau. Ana cire filogin ɗumama ne a ɗaura ma'auni a raminsu ɗaya bayan ɗaya. Littafin gyaran Toyota ya sa kilogiram 37 a kan murabba'in santimita a matsayin na lafiyayyen inji, 27 a matsayin mafi ƙaranci, kuma kada bambanci tsakanin silinda da silinda ya wuce 5. Namu sun faɗo tsakanin 31 da 33. Injin ya tsufa, amma ya tsufa bai ɗaya, kuma wannan ya fi mini a ce biyar suna 36 ɗaya tana 28.

Takardu sun ci lokaci fiye da injin. Motocin ƙungiyoyi irin wannan galibi da rangwamen haraji ake shigo da su, kuma idan za su koma hannun ɗan kasuwa ko manomi sai an daidaita da kwastam, in ba haka ba wata rana a tare mutum a hanya a karɓe motar, ga iyali a ciki. Na nemi takardar gwanjon da ta biyan kuɗin kwastam, na kai aka duba lambarta a ofishinsu, na kuma sa aka bincika rajistar 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta. Duka sun fito daidai.

Wajen ciniki ban kushe motar ba, domin mai ita ya san abin da yake da shi. Na miƙa masa jerin gyaran da Baba ya rubuta da kiyasin kuɗinsu, na yi tayi. Ya ce albarka. Aka sha shayi, dillali ya yi ta kai gwauro yana kai mari, na ƙara kaɗan, shi ma ya sauko, a ƙarshe ya miƙo hannu ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka, ya kiyaye sharrin ƙarfe." An rubuta yarjejeniya da shaidu biyu ta kowane ɓangare, na biya ta banki domin a samu shaida, aka ba dillali la'adarsa. Sauran su ne takardar rantsuwa a kotu, canjin suna a ofishin lasisi, da inshorar da doka ta wajabta, wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Mun taho da ita Kano da rana, a hankali, ido na kan allurar zafi.

24 ga Nuwamba, 2024

An fara da abin da zai iya kashe injin farat ɗaya. Bel ɗin tamin na 1HZ, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin, na roba ne, wa'adinsa tsakanin kilomita 100,000 ne da 150,000 gwargwadon shekarar injin, kuma idan ya tsinke ana tafiya fistin da bawul ne za su yi karo. Wanda muka cire ya fara tsattsagewa a gindin haƙoransa. An sa sabo da abin ɗame shi, tare da famfon ruwa, tunda an riga an buɗe wurin.

Sai hanyar ruwa, wadda na fi ba muhimmanci, domin abin da ke kashe wannan inji a ƙasarmu zafi ne, kuma kansa yakan tsage idan ya tafasa ko da sau ɗaya ne mai tsanani. Da mai gyaran lagireto ya buɗe saman namu, kusan sulusin bututun sun toshe da laka da tsatsa, saboda haka na sayi sabo maimakon a zura masa waya a mayar. An canza robobin ruwa gaba ɗaya har da ƙananan da ke ɓoye a baya, an sake zuba man da ke cikin kan fanka domin ta riƙa kamawa idan zafi ya tashi, aka wanke injin ciki har ruwa ya fito fari, sannan aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske.

A nan ne muka yi saɓani da Baba. Da aka buɗe gidan tamostat, ɗan abin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, babu komai a ciki, an cire an yar, kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a nan. Baba yana ganin hakan daidai ne, ya ce ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Ni kuwa na nace a mayar, saboda injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri yana ƙona mai ba daidai ba, yana tara baƙi, yana kuma cin kansa, balle a Mambila inda safiya ke da sanyin gaske. Cire tamostat yana ɓoye toshewar lagireto ne kawai, kuma mun ga toshewar da idonmu. Ya ce, "To, Malam, motarka ce," ya ɗaura. Na kuma sa ma'aunin zafi na daban mai nuna lamba, domin allurar da ke gaban direba tana zama a tsakiya ne har sai abu ya yi nisa.

An zubar da kowane mai da ke jikin motar: na inji, na giya, na ogzilari, na aksul biyu, na birki da na sitiyari. Kayan jabu su ne babbar fitinar wannan mataki. An kawo mini filtar mai a kwali mai kyan bugu, amma da aka riƙe ta a hannu ɗaya, ta asali a ɗaya hannun, nauyinsu ma ba ɗaya ba ne. Araha ba ta ado, balle a filtar injin gas.

15 ga Disamba, 2024

Aksul na gaba ya ɗauki mako biyu saboda sai daga Ladipo a Legas aka aiko da cikakken kayan. Baƙin kwaɓin nan da ke zuba daga gwiwoyin asalinsa wata 'yar roba ce a cikin aksul da ke raba man giya da giris. Idan ta mutu sai su gauraya, giris ya tsinke ya gudu, mahaɗar da ke juya tayar ta koma aiki a bushe. Ta dama ta fara cin kanta har tana ƙara idan an karya kwana da tayoyi huɗu, aka canza ta, ta hagu kuwa wankewa kawai aka yi aka cika ta da giris.

Boris ɗin sama da na ƙasa da gwiwar ke juyawa a kansu sun yi rami-rami, kuma su ne tushen kaɗawar sitiyarin, tare da bushin da suka mutu da kawunan tayarod. Ɗaure su yana da ƙa'ida: ana ƙara ko rage siraran faranti har sai nauyin juyawar ya yi daidai, ana aunawa da ƙaramin sikeli mai ƙugiya. Manyan notin da ke riƙe boris ɗin taya duk sun sha sara da kurfi, saboda masu gyaran baya ba su da sifanar da ta dace. Na sayi soket mai milimita 54 na ba yaran garejin, kuma bayan an gama zai zauna a cikin motar. Kaɗawar ta tafi gaba ɗaya.

29 ga Disamba, 2024

Tayoyin da ta zo da su suna da sauran zane, amma lambobi huɗun ƙarshe da ke gefensu, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi su, sun nuna 2016. An sauke su. Na sa 235/85R16 masu kaurin gefe, guda shida har da safaya biyu, a kan wilin ƙarfe, domin na ƙarfe idan ya lanƙwashe guduma na miƙar da shi. Wili na shida a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka samo, kuma sai da aka lura, saboda 105 noti biyar take da shi, ƙirar 80 kuwa shida.

An ba ni shawarwari da yawa: a ɗaga ta sama, a sa mata turbo, a ɗaura ƙaton ƙarfe a gaba. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Turbo a kan inji mai kilomita dubu ɗari huɗu, wanda ba a ƙera fistin ɗinsa domin haka ba, neman magana ne, kowane ƙarfe da aka ƙara kuma nauyi ne da injin zai ja zuwa saman dutse. Sabbin shakazoba da sifirin na baya masu ɗan ƙarfi kawai aka sa saboda kaya.

19 ga Janairu, 2025

Gwajin farko mai nisa shi ne Yankari, da mutum huɗu da kaya daidai yadda za a tafi Mambila, domin motar da ba a gwada da nauyinta ba ba a san ta ba. Mun bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, muka ɗauki hanyar Gombe, muka karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan zuwa sansanin Wikki. A kan kwalta gudunta na jin daɗi tsakanin kilomita 90 ne da 100 a sa'a, kuma wuce tirela sai an yi lissafi tun daga nesa. Ma'aunin zafi bai wuce digiri 88 ba ko a hawan da ke gaban Ningi da tsakar rana. Na cika tanki na sake cikawa na raba, ya ba ni lita 12.6 a kowace kilomita 100.

A hanyoyin cikin gandun, wajen kogin Gaji, inda yashi da gargada suke, ta nuna dalilin da ya sa aka saye ta. A ƙaramar giya tana tafiya da kanta ba tare da an taka totur ba, tayoyin suna bin ƙasa ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Da muka dawo kan kwalta na buɗe makullan tayoyin gaba, domin irin wannan tsari ba a tafiya da shi a tayoyi huɗu a kan titi mai kamawa.

Tafiyar ta tono abubuwa. Ƙaramin tankin, wanda da shi da babban suke ɗaukar lita 145, da aka juya kansa sai injin ya fara shaƙewa, fitilar ruwa a cikin mai ta kama. Mun tsaya a gefen hanya, aka kwance ƙasan filtar gas ruwa da datti suka zuba, aka danna ɗan famfon hannu da ke samanta har ya yi tauri, muka koma babban tanki. Ga alama an yi shekaru ba a taɓa ƙaramin ba. Hayaƙin baƙi yana yawa idan an matsa mata a hawa, kulocin ya fara zamewa a giya ta huɗu da kaya, ƙurar hunturu kuma tana shigowa ta robar ƙofofin baya har ta rufe jakunkuna. Filtar iska da aka sa sabuwa a Nuwamba sai da aka kakkaɓe ta a Bauchi.

8 ga Fabrairu, 2025

An sauke ƙaramin tankin an wanke, an canza filtar gas, na kuma sayi biyu na ajiya. An kai nozul shida, masu fesa gas cikin silinda, wurin masu aunawa, huɗu suna ɗiga maimakon feshi, aka canza kawunansu duka, aka daidaita bawul. Hayaƙin ya ragu ƙwarai, tashin safe ma ya ƙara laushi. Wannan gyara yana da muhimmanci ga inda za mu, saboda injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 1,000 na tsawo, tsaunin Mambila kuma yana kai kimanin mita 1,600, kuma mai da ya yi yawa a iska kaɗan zafi yake haifarwa.

Da aka sauke giya domin canza kuloci, Baba ya duba haƙoran sandar da ke haɗa ta da ogzilari ya ga sun ɗan ci, wanda shi ne ke kawo ƙarar da ake ji idan an saki totur aka sake takawa. Giyar da Toyota ta sa wa 105 mai wannan inji, R151F, ba ta kai ta ƙirar 80 ƙarfi ba, kuma giya ta biyar ce rauninta. Shawararsa ita ce za ta kai mu ta dawo da mu idan ba a ja kaya a biyar a hawa ba, a bar buɗe ta sai bayan tafiyar. Na amince, domin kason gyara ya kusa ƙarewa, kuma giyar da aka buɗe ana gab da tafiya ba za ta samu lokacin gwaji ba.

Kayan ajiya da aka haɗa su ne fanbel, robobin lagireto na sama da na ƙasa, boris ɗin taya da girisinsa, baƙin mai lita biyar, man birki, fiyus, waya, jak biyu da katakon ɗora su, igiyar ja, shebur da famfon iska. Za a tashi kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama a farkon Maris, kuma kafin ruwa ya sauka a tsaunin. Ba za a yi tafiyar dare ba ko kaɗan, kuma a Jalingo za mu shiga tasha mu tambayi direbobin Gembu halin da hanyar Bali da Serti take ciki kafin mu kama ta. Hawan da ke farawa bayan Mayo Selbe za a yi shi da safe a giya ta biyu, gangarowa ma a giyar da aka hau da ita, domin kada birki ya ƙone.

Abin da ya rage a wannan mako shi ne robar ƙofofin baya, wadda ba a samu sabuwa ba tukuna, da birkin hannu, wanda har yanzu ba ya riƙe motar a gangara idan tana da kaya. Baba ya ce a kawo ta ranar Litinin a buɗe gangunan baya.